Magena tana amai da gudawa tun bayan Sallah, me zan ba ta?

Maman Khalifa, Rijiyar Zaki:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da Sallah. Don Allah shawara nake nema da gaggawa. Magena ce ba lafiya tun jiya da yamma. Shekararta biyu a hannuna, tun tana 'yar mitsitsiya na tsince ta a bayan katangarmu. Ranar Sallah da washegari ana ta suya a tsakar gida, yara suka yi ta jefa mata kitse da guntattakin kayan ciki, ni kuma hidima ta sha kaina ban lura ba. Yanzu ta yi amai sau biyu, kashinta ruwa-ruwa har sau huɗu, ta shige ƙarƙashin gado ta kwanta. Maƙwabciyata ta ce in dama mata madara in jefa rabin Panadol a ciki. Har na ɓallo maganin, sai na ce bari dai in tambaya tukuna.

Abba Kurna:
Wa alaikumus salam Anti, sannu. Manja za ki ɗura mata cokali ɗaya, mu haka muke yi a gida. Madarar ma ba laifi, tana wanke ciki.

Likitar Dabbobi:
Hajiya, don girman Allah ki ajiye Panadol ɗin nan, ko ɗigonsa kar ya shiga bakinta. Farasitamol guba ne ga mage. Hantarta ba ta iya warware shi yadda tamu take yi, sai ya lalata mata jini ya kasa ɗaukar iska. Rabin ƙwayar da kika ɓallo ya isa ya kashe ta. Waɗanda ake kawo mana an ba su, za ki ga dasashinsu ya koma ruwan ƙasa, fuska da tafin ƙafa sun kumbura, numfashi da ƙyar, kuma sau da yawa an makara.

Madarar ma ki bari. Da zarar an yaye mage, cikinta yana raguwa wajen narkar da sukarin da ke cikin madara, shi ya sa mage lafiyayya ma in ta sha da yawa takan yi zawo. Wadda take zawon kuwa ƙara mata za ki yi. Manja kuma kitse ne, kitse ne ya jawo abin tun farko.

Ki amsa min waɗannan tukuna. Tana shan ruwa? Akwai jini a aman ko a kashin? Kun sa maganin ɓera ko fiya-fiya a gidan kwanan nan? Sannan ki ɗaga leɓenta ki taɓa dasashin da yatsa, ki gaya min launinsa, da ko akwai damshi ko kuwa yana mannewa a yatsa.

Maman Khalifa, Rijiyar Zaki:
Innalillahi, Allah ya tsare. Na jefar da shi Dakta. Ruwa ta sha kaɗan da safe kuma bai dawo ba. Jini babu, na duba sosai. Maganin ɓera ba ma sawa saboda ita ce maganin ɓeranmu. Dasashin ja-ja ne mai haske kamar kullum, da ɗan damshi.

Likitar Dabbobi:
Alhamdulillah, to da sauƙi. Saura gwaji ɗaya: ki kama fatar da ke tsakanin kafaɗunta ki ɗaga sama ki saki. In ta koma nan take, ruwan jikinta bai yi ƙasa sosai ba. In ta tsaya a tsaye kamar an murɗa tsumma, ki ɗauke ta zuwa asibiti yau.

In ta koma, ga yadda za ki yi. Ki ajiye mata ruwa mai tsabta a kusa da inda ta ɓuya, kar ki janyo ta da ƙarfi. Mage mai kilo 4 abin da take bukata a wuni bai wuce mililita 200 zuwa 250 ba, wato kusan rabin ledar fiya wata, amma mai gudawa tana bukatar fiye da haka. Ki bar cikin ya huta awa uku ko huɗu daga amai na ƙarshe, sai ki dafa tsokar kaza zalla, ba fata, ba gishiri, ba Maggi, ba albasa, ki yayyaga ki ba ta cikin cokalin shayi ɗaya. In awa biyu ta wuce bai dawo ba ki ƙara. Romon kazar ma ki kwashe man da ya taso sama ki ba ta, yakan ja hankalinsu su sha.

Abin da ba na so shi ne ki ce za ki sa ta azumi. Babban kare ana iya hana shi abinci awa 12 cikinsa ya huta. Mage ba haka take ba. In ta yi kwana biyu ko uku ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitse yakan taru a hantarta, kuma wannan ya fi gudawar haɗari nesa ba kusa ba. Saboda haka in gobe war haka ta ƙi cin komai, ko aman ya dawo, ko kika ga jini, ki kai ta. Asibitin dabbobi na Gwale ya fi kusa da ke.

Baba na Dorayi:
Salamu alaikum. Ni ban cika magana a nan ba, jikana ne yake karanta min. Likita, ina girmama iliminki, amma ku 'yan zamani kuna tsorata mutane da yawa. Na fi shekara arba'in ina kiwon karnukan farauta, na gada ne wurin mahaifina. Kare in cikinsa ya ɓaci shi ya san maganinsa. Zai fita ya ci ciyawa ya amayar, ya sami inuwa ya kwanta, kwana ɗaya biyu ya miƙe. Ban taɓa dafa wa kare kaza ba. Tuwo da ƙashi suka ci suka kama zomo da gada. Da tsohuwar zuma ake magani, 'yata.

Likitar Dabbobi:
Ranka ya daɗe Baba, sannu da ƙoƙari, kuma rabin maganarka na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Yawancin ɓacin cikin da ke kama babban kare mai ƙarfi yana wucewa da kansa cikin kwana ɗaya ko biyu, abin da yake bukata ruwa ne da hutu. Ai shi ya sa kowa yake rantsuwa da nasa maganin: mai manja ya ba da manja kare ya warke, mai kanwa ya ba da kanwa kare ya warke, alhali da an ƙyale shi ma zai warke. Kai da ka ƙyale naka ka fi su gaskiya. Inda muka rabu shi ne wanda ba ya wucewa. Kai idonka ya ƙware, kallo ɗaya za ka yi wa kare ka san wannan kwanciyar ba ta lafiya ba ce. Yawancin waɗanda ke nan bana suka fara kiwo.

Baban Walid, Hotoro:
Dakta ki yi haƙuri in shigo cikin maganar Hajiya, ni ma abin ne ya same ni. Kwikwiyo na saya don gadi mako biyu da suka wuce, irin Alsatian ɗin nan, watansa uku. Shekaranjiya ya ƙi abinci, jiya ya fara amai, ko ruwa ya sha sai ya dawo. Yau da asuba na ga kashinsa ruwa ne da jini, ga wani irin wari da ban taɓa ji ba, kamar na ruɓaɓɓen nama. Na ce ko ƙashin layya ne ya yanke shi. Wani yaron kemis ya ba ni Flagyl da maganin tsayar da gudawa, na ba shi ya amayar.

Likitar Dabbobi:
Alhaji, an yi masa rigakafi? Kana da katin?

Baban Walid, Hotoro:
Wanda ya sayar min ya ce an yi masa duka. Kati kuwa ya ce zai kawo, har yau shiru.

Likitar Dabbobi:
To ka ajiye wayar nan ka ɗauke shi yanzu. Daga Hotoro, asibitin dabbobi na Kundila da ke titin Zariya ba nisa, ko duk wani likitan dabbobi da ka san yana ƙarin ruwa. Ba na yanke hukunci ta waya, amma kwikwiyo ɗan wata uku, ba tabbacin rigakafi, amai ba tsayawa, zawon jini mai wannan warin, abin da muke fara zargi shi ne farbo. Ƙwayar bairos ce da ke cinye fatar cikin hanji, ta kuma karya garkuwar jiki. Babu wata ƙwayar kemis da ke kashe ta. Abin da ke ceton kwikwiyo shi ne ruwa ta jijiya, da allurar tsayar da amai, da ta hana ƙwayoyin hanji shiga jini, har jikinsa ya yi galaba da kansa. Wanda aka fara wa da wuri, mafi yawansu suna tashi. Wanda aka bari a gida, mafi yawansu ba sa tashi. Kar ka ƙara ɗura masa komai ta baki. Ka naɗe shi a tsohon zani, ka shimfiɗa leda a mota, kuma in ka isa kar ka ajiye shi a ƙasa cikin sauran karnuka.

Baban Walid, Hotoro:
Ga ni nan fita. Na gode.

Baba na Dorayi:
Allah ya ba shi lafiya. Amma ai ka ji, karen Turawa ne. Namu na gida ba sa irin wannan.

Sadiq Mai Karnuka, Na'ibawa:
Baba ka gafarce ni, wallahi suna yi. Bara karyata ta gida ta haifi bakwai, cikin kwana goma, guda biyar suka mutu da wannan zawon jinin, biyu suka rage. Da a ce kai ne za ka ce ai kwikwiyo daman ba duka ke rayuwa ba, haka ni ma na ɗauka. Abin da ya buɗe min ido shi ne bayan wata uku na kawo wani sabo na sa a kejin, ko sati biyu bai yi ba shi ma ya kama. Ashe cutar tana nan a ƙasar wurin.

Likitar Dabbobi:
Gaskiyar Sadiq ne. Baba, akwai dalilin da ya sa ba ka gaji labarinta wurin mahaifinka ba: cutar sabuwa ce. A 1978 duniya ta fara saninta, cikin shekara biyu ta karaɗe ko'ina. Lokacin da mahaifinka yake farauta babu ita. Ku ne kuke cewa karen bana shi ke maganin zomon bana. Gaskiya ne irin su Rottweiler da Alsatian ta fi yi musu mugun kamu, amma na gida ma tana ɗauka, kawai ba a kawo su asibiti ne balle a ƙirga.

Ƙwayar tana iya yin watanni a ƙasa, a wuri mai inuwa da damshi har ta kai shekara, kuma mutum yana ɗauko ta a takalminsa. Izal da Dettol ba sa kashe ta. Bilic ne ke kashe ta, irin su Jik da Hypo. Ma'aunin da aka saba shi ne kashi 1 na bilic cikin kashi 30 na ruwa, in mai rauni ne a rage ruwan. A fara wanke dattin da sabulu, sannan a zuba a bar shi minti goma kafin a ɗauraye. Wannan a kan siminti da kwanuka ke nan. Turɓaya ba ta wankuwa, shi ya sa ba a kawo sabon kwikwiyon da bai gama allurarsa ba gidan da aka yi ta.

Allurar kuma ba guda ɗaya ba ce. Ana farawa yana sati 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan sati 3 ko 4 har ya kai sati 16. Ta haukan kare daban take, daga wata 3. Duk wanda zai sayar maka da kwikwiyo ya ce an yi masa duka, ka ce ya nuna kati mai kwanan wata da sa hannun likita. Masu mage su ma akwai tasu cutar mai kama da wannan, tana kashe 'ya'yan mage sosai, kuma tana da rigakafi.

Nura Kemis, Sharaɗa:
Dakta ina da ja a nan. Kullum ku likitocin dabbobi sai ku ɗora mana laifi. Flagyl ɗin nan ku ma kuna rubutawa, na sha ganin takardarku. Mutum ya zo da dare, ba asibitin da ke buɗe, karensa na zawo, in ce masa ya tafi haka nan?

Likitar Dabbobi:
Malam Nura, ban ce ba ma rubutawa ba. Muna rubutawa bayan mun ɗora dabbar a sikeli kuma mun ga dalilin bayarwa. Ƙwayar da ke shagonka an auna ta ne da babban mutum, kwikwiyon Alhaji wataƙila kilo 8 ne, mage kilo 3 ko 4. In Flagyl ya yi yawa ƙwaƙwalwa yake taɓawa, ka ga dabba tana tangaɗi, ido na rawa, har farfaɗiya. Kuma yawancin zawon kwana ɗaya ba ya bukatarsa sam. Maganin tsayar da gudawa irin Imodium kuwa, in cuta ce ko guba a hanji, kulle ta ka yi a ciki, mage kuma yakan birkita ta. Ibuprofen da diclofenac suna huda tumbin kare su taɓa ƙoda, in ka ga kashi baƙi kamar kwalta bayan an ba shi, jini ne.

In mutum ya zo maka da dare, akwai abin da za ka ba shi ka taimake shi: ORS da sirinji marar allura. Ya haɗa yadda aka rubuta a jikin ledar, ya riƙa zuba kaɗan-kaɗan ta gefen baki, in dabbar ba ta amai kuma tana iya haɗiya. Sai ka ce masa da safe ya nemi likita.

Nura Kemis, Sharaɗa:
Wannan na karɓa. Na Panadol da mage kuwa wallahi yau na fara ji, kuma na sha bayarwa. Allah ya yafe mana.

Ummu Aiman, Gwammaja:
Ni abin nan yana ɗaure min kai. Mutane suna fama da abin da za su sa a bakin salati, asibitocin mutane cike, mu kuma muna nan muna zancen dafa wa mage kaza da yi wa kare ƙarin ruwa. Ba don raini ba Maman Khalifa, amma anya ba mu wuce gona da iri ba?

Malam na Yakasai:
Malama, damuwarki a kan talaka abin yabo ce, Allah ya saka. Amma abin da ka ɗaure a gidanka ka hana shi fita neman na kansa, haƙƙinsa ya hau wuyanka. Hadisi ya tabbata a kan matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Ya kuma tabbata a kan mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Kiwon kare don gadi ko farauta ko tsaron dabbobi malamai sun yi bayaninsa. Wanda ba zai iya ɗaukar nauyin ba, kar ya ajiye tun farko. Wanda ya ajiye kuwa, ba ya cikin zaɓinsa ya zuba ido yana kallo tana mutuwa.

Maman Khalifa, Rijiyar Zaki:
Ummu Aiman, tsokar da na dafa ko cinya ɗaya ba ta kai ba, sauran kazar yara ne za su ci. Magen nan shekara biyu ban sayi maganin ɓera ba, buhun masarata lafiya lau. Ko ba don haka ba ma, ni na ɗauko ta.

Tela Mai Zare, Fagge:
Bari in ba da nawa labarin ko wani zai amfana, don har yanzu abin yana ci na. Muzuru gare ni a shago, shi ke kwana yana tsare min atamfofin mutane daga ɓera. Ana saura kwana kaɗan ƙaramar Sallah, aiki ya yi yawa, zare ko'ina a ƙasa. Ya fara amai, ya daina ci, na ce shaƙar gashinsa ce, don yakan amayo curin gashi lokaci-lokaci ya ci gaba da harkarsa. Kwana na uku na ga zare ya leƙo ta bayansa. Na kama na ja a hankali, ya yi wata ƙara da ban taɓa ji ba, na saki. Da na kai shi, likita ya buɗe bakinsa ya nuna min ɗaya bakin zaren ya naɗe a gindin harshensa. Ya ce hanjin ya tattare a jikin zaren kamar yadda muke tattare wuyan buje, kuma zaren ya riga ya yanka shi wuri-wuri. An yi aiki, bai kwana biyu ba ya mutu. 'Yan'uwana teloli da masu saƙa da masu kitso da zare, ku share ƙasa kafin ku rufe. In kuma kun ga zare ya fito ta baki ko ta baya, kar ku ja.

Likitar Dabbobi:
Sannu Malam, Allah ya mayar da alheri. Abin da ka faɗa ya fi duk bayanin da zan yi. A karnuka kuma abin da muke cirowa totuwar masara ce, ƙwallon mangwaro, leda mai ƙanshin nama, da dafaffen ƙashi. Baba ya ce nasa sun ci ƙashi sun rayu, haka ne, amma ƙashin da ya sha wuta tsagewa yake yi ya yi tsini, na kaza da na haƙarƙari sun fi muni. Satin Babbar Sallah kowace shekara da wannan muke kwana, da kuma kitse. Kitse mai yawa a lokaci ɗaya yana kumbura wata 'yar tsoka da ke manne da farkon hanji, wadda ke fitar da ruwan narkar da abinci. Za ka ga kare yana amai, ya kwantar da ƙirji a ƙasa ya ɗaga baya saboda ciwo. Wannan ba na jira ba ne.

Tunda ana zancen sauran abinci: albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna fasa ƙwayoyin jinin kare da mage, kuma miyarmu da yajinmu ba sa rabuwa da su. Inabi da zabibi suna iya kashe ƙodar kare. Cakulan da goro ma a nisanta su. Tuwon da ya kwana biyu ya yi gansakuka, a zafin Kano da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, in ba za ka ba ɗanka ba kar ka zuba wa kare.

Abba Kurna:
Dakta to manjan fa in guba ce? Mu tun tasowa abin da muka sani ke nan, in kare ya ci shinkafar ɓera a ɗura masa manja ko ruwan gishiri ya amayar.

Likitar Dabbobi:
Abba, manja ba ya karya guba. Dabbar da ta galabaita in ka ɗura mata mai, yana iya bin hanyar numfashi ya sauka a huhu, ka ƙara mata wata cutar. Ruwan gishiri mai kauri shi kansa yana kisa. Babbar asarar kuma lokacin da ka ɓata. Fiya-fiya da danginsa alamarsu a bayyane take: dalalar miyau, ƙwayar ido ta tsuke, jiki na karkarwa, zawo da fitsari, kuma akwai allurar da ke karya shi in an zo da wuri. Maganin ɓera iri-iri ne. Akwai mai tsinka jini, wanda kare zai ci ya yi kwana uku zuwa biyar garau kafin ya fara zubar jini ta ciki, shi kuma makarinsa bitamin K1 ne. Shi ya sa muke roƙo a zo da ledar ko kwalbar abin da ya ci. Mage kuma ko ba ta ci maganin ba, tana iya cin ɓeran da ya ci.

Hajiya Babba, Nasarawa:
Ni ƙari ɗaya zan yi don masu manyan karnuka irin Boerboel. Namu ya cinye kwano guda da daddare, ya sha ruwa, ya yi ta guje-guje da maigadi. Can sai ga ciki ya kumbura kamar ganga, yana ta yunƙurin amai ba abin da ke fitowa. Muka ce da safe a kai shi. Bai kai safen ba. Daga baya aka gaya mana tumbin ne ya murɗe. Yanzu wanda muke da shi sau biyu ake raba masa abinci, kuma ba wasa sai ya huta.

Baba na Dorayi:
To ni dai na ji. Abu ɗaya zan faɗa wanda ba ku ambata ba, tsutsa. Kwikwiyon da ka ga cikinsa ƙato, gashinsa a tashe, haƙarƙari a waje, tsutsa ce, ko me ka ba shi ba zai yi ƙiba ba. Wannan ko likita ba za ta musa min ba.

Likitar Dabbobi:
Ba zan musa ba Baba, ka riga ni ne. Da yawansu da ita ake haifarsu, daga uwa suke ɗauka. Ana fara ba da maganin tun suna sati 2, duk bayan sati 2 har su kai wata 3, sannan wata-wata zuwa wata 6, babba kuma duk wata 3. Akwai doguwa kamar taliya, akwai ƙarama mai shan jini da ke sa kashi ya yi baƙi dasashi ya yi fari, akwai mai fitowa gutsi-gutsi kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiya, wadda ƙuma ke kawowa. Roƙona kawai, kar a ɗebi allurar shanu a ƙiyasta da ido. Kuma wannan ya shafi yaranmu, domin ƙwan tsutsar yana zama a ƙasar da suke wasa. A kwashe kashin kullum, a wanke hannu da sabulu, mai juna biyu kuma ta bar wa wani kwashe kashin mage.

Maman Khalifa, Rijiyar Zaki:
Salam, ina kwananmu. Dakta, jiya ta ci cokali uku ba amai. Yau da asuba ita ta tashe ni da kuka a bakin kicin. Kashin bai gama ɗaurewa ba amma ya fi na jiya, sau ɗaya kawai ta yi. In koma ba ta abin da ta saba? Sannan inda ta ɓata, da Izal na goge, na ga kin ambace shi.

Likitar Dabbobi:
Madalla Hajiya. Ki ci gaba da kazar yau da gobe, sau huɗu ko biyar kaɗan-kaɗan, in kina da kabewa ki dafa ki murje rabin cokalin shayi ki haɗa, tana taimakawa kashi ya ɗaure. Daga nan ki riƙa cakuɗa abincinta na da a hankali cikin kwana uku ko huɗu. Izal ɗin kuwa ki sake wanke wurin da ruwa da sabulu. Shi da Dettol ba sa shiri da mage, tana takawa ta lashe ƙafa. In ta warware sarai ki kai ta a yi mata rigakafi a ba ta na tsutsa.

Baban Walid, Hotoro:
Jama'a ku yi haƙuri da shiruna, kwana huɗu ke nan ina zarya. Farbo ɗin ce, an gwada kashin an tabbatar. Kwana uku yana kan ƙarin ruwa, daren na biyu na cire rai don ko kai ba ya ɗagawa. Jiya da yamma ya sha ruwa da kansa bai amayar ba, yau ya lashi 'yar shinkafa da kaza. Likitan ya ce in ya ci gaba haka jibi a sallame mu. Kuɗin da na kashe ya ninka na allurar da ban tabbatar an yi ba sau da yawa. Kejin da kwanukan na wanke da bilic yadda kika ce. Tambayata Dakta, maƙwabcina yana da kwikwiyo ɗan wata biyu, kuma yaransa suna shigowa gidana wasa.

Likitar Dabbobi:
Alhamdulillah Alhaji, na ji daɗin wannan labarin. Ka gaya wa maƙwabcin yau, kar ka jira gobe. Yaran ba za su kamu ba, amma silifas ɗinsu zai kai ta gidansu. Su dakata da shigowa, ya kai nasa likita ya duba shi a fara masa allura, kuma ya sa masa ido sati biyu, in ya ƙi abinci ko sau ɗaya ya garzaya. Naka in ya dawo zai ci gaba da fitar da ƙwayar a kashinsa na wasu makonni, saboda haka a yi masa wanka, a killace shi wuri ɗaya mai siminti, kashin a ƙulle a leda.

Baba na Dorayi:
Likita, karyata tana da ciki, haihuwa yau ko gobe. Jikana zai rubuta ranar. In sun kai sati shidan, allurar nan ana zuwa gida a yi ko sai na ɗauko su a adaidaita?